Wake Ɗaya Ke Ɓata Gari?



Akwai karin magana biyu da kowa ya sani. Na farko: wake ɗaya ke ɓata gari. Na biyu: labarin zuciya a tambayi fuska. Kakanninmu ne sunka bar mana su, kuma akwai gaskiya cikinsu. Amma yau muna so mu ɗora su bisa sikeli, don akwai wurin da ake aiki da su ana cutar bayin Allah. Wurin nan shi ne wajen ɗaukar ma'aikaci.

Kada ka ce wannan zancen mutanen biro ne. Kai ma kana ɗaukar ma'aikaci. Da damina kana neman ɗan barema. In an kafa bankin cimaka a garinku, da bakinka ake zaɓen ma'aji da mai awo da magatakarda. Ke ma, in ƙungiyar mata ta sami injin niƙa, da ke ake shawarar wanda za a damƙa ma shi. In rani ya yi kuma, kai ko ɗanka kuna ɗaukar jaka ku tafi Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, ko Kano, ku tsaya ƙofar wani kuna neman aiki. Yau kai ke auna wani, gobe kai za a auna.

Kwandunan da ke cikin kai

Dubi mai sayar da hatsi a kasuwa. Gero yana kwandonsa, dawa tana nata, wake yana nasa. Da haka ciniki ke yi mata sauƙi. To, haka kan ɗan Adam yake. Cikinsa akwai kwanduna da yawa, kuma mutane muke zubawa ciki: ɗan birni, ɗan ƙauye, ɗan boko, tsoho, yaro, bazawara, gurgu, ɗan maƙera, ɗan mahauta, mutumin gari kaza. Kowane kwando da labarin da ke maƙale da shi. Wasu an ce ragwaye ne. Wasu an ce ba su da amana. Wasu an ce ba su jin magana.

Kwandunan nan suna da amfani, don ba mai iya tsayawa ya binciki duk wanda ya gamu da shi a hanya. Amma ga illarsu. Mai neman aiki ya yi sallama, bai ko zauna ba, ka dubi rigarsa, ka dubi zanen fuskarsa, ka ji karin harshensa, ka jefa shi kwando. Daga nan ba shi kake gani ba, labarin kwandon kake gani. Duk abin da ya faɗi, kana sauraro ne don ka sami abin da zai gaskata zatonka.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada wannan al'amari a Amurka da Kanada da Faransa. Bari mu duba abin da sunka gano, mu ga inda aikinsu ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

Kalma guda ta sauya mutum

A shekarar 1946, wani masani a Amurka mai suna Solomon Asch ya raba ɗalibai kashi biyu. Ya karanta ma kowane kashi halaye bakwai na wani mutum da ba su taɓa gani ba. Halaye shida iri ɗaya ne: mai basira, mai gwaninta, mai ƙwazo, mai naci, mai sanin ya kamata a aikace, mai taka-tsantsan. Hali guda kaɗai ya bambanta. Ga kashi na farko ya ce mutumin mai sakin jiki da mutane ne. Ga na biyu ya ce ba ya sakewa da mutane.

Sai ya tambaye su: mutumin nan mai kyauta ne? A kashi na farko, 91 cikin 100 sun ce i. A kashi na biyu, 8 cikin 100 kaɗai sunka ce i. Ka lura, ba wanda anka faɗa ma komi game da kyautarsa ko rowarsa. Kalma guda ce ta rina sauran shida, har ta haifi wani hali da ba a ambata ba.

Ya sake wani gwaji. Ya jera halayen mutum, masu kyau a gaba, munana a baya. Ga wasu kuma ya juya jerin, munana a gaba. Halayen ba su sauya ba, amma waɗanda sunka fara jin alheri sun fi ganin mutumin da kirki. Abin da ya riga shiga kunne shi ke shimfiɗa ma sauran tabarma.

Me ya sa aibi ya fi alheri nauyi?

A shekarar 1958, wani masani a Kanada mai suna Springbett ya bi diddigin masu ganawa da ƴan neman aiki. Ya gano abu biyu. Na ɗaya, galibi suna yanke shawara a zuci tun cikin mintocin farko na ganawar. Na biyu, abin da suke nema a ganawar shi ne aibi. In sun ga abu guda da bai yi musu ba, sau da yawa magana ta ƙare, ko da sauran duk sun yi kyau.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka kawo mai awo ya ci amanar jama'a, gari duka zai nuna ka da yatsa a ce kai ka kawo shi. Amma in ka kori mutumin kirki, wa zai sani? Ya tafi abinsa, ba mai zuwa ya ce maka ka yi asara. Kuskure guda ana ganinsa, ɗayan ba a ganinsa. Don haka mai ɗauka yana tsoron na farko, yana ta yin na biyu bai sani ba.

Ga kuma tsohon ciwo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ce wani ɗan gari kaza ya taɓa gudu da kuɗin noman da ka ba shi. Shekara goma ta wuce, amma duk wanda ya zo daga garin nan kana ganinsa da fuskar wancan. Mutum ɗaya ya ci bashi, gari guda na biya.

Suna kaɗai ya isa

Tsakanin 2001 da 2002, wasu masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun rubuta takardun neman aiki na ƙarya kusan 5,000. Sun aika su wuraren da sunka yi shelar neman ma'aikata, fiye da 1,300, a biranen Bostan da Shikago. Bisa wasu takardun sun sa sunayen da anka fi sani ga farar fata, kamar Emily da Greg. Bisa wasu sun sa sunayen da anka fi sani ga baƙar fata, kamar Lakisha da Jamal. Ba a duba ilimi ko gogewar da ke cikin takarda ba wajen liƙa mata suna.

Ga abin da ya fito. Mai sunan farar fata, in ya aika takarda wajen 10, yakan sami kira guda. Mai sunan baƙar fata sai ya aika wajen 15. Wani abin da ya fi wannan ciwo: in an ƙara ma takardar gogewa da shaidun ƙwarewa, mai sunan farar fata yana ƙaruwa sosai, amma na baƙar fata ƙaruwarsa kaɗan ce. Ke nan, wanda anka riga jefawa kwando, ko alherinsa ba a tsayawa a karanta.

An yi irin wannan gwaji a Faransa, an buga sakamakonsa a 2010. An ƙirƙiro mata biyu masu sunan iyali ɗaya na Sanigal, Diouf. Ɗaya Marie, takardarta na nuna Kirista ce. Ɗaya Khadija, takardarta na nuna Musulma ce. Karatunsu da sana'arsu daidai suke. Marie ta sami amsa mai daɗi wajen 21 cikin 100. Khadija wajen 8 cikin 100. Asali ɗaya, ilimi ɗaya, kwando daban.

Tabo ɗaya, nauyi biyu

Gwajin da ya fi duka bayyana yadda aibi da kwando ke haɗa kai shi ne na Devah Pager. A 2001, a birnin Milwoki na Amurka, ta tura samari huɗu, biyu farare biyu baƙaƙe, su je da ƙafarsu neman ƙananan ayyuka wurare 350. An koya musu magana iri ɗaya. Ana karɓa-karɓa, wani mako wannan ya ce ya taɓa zaman gidan kaso, wani mako ɗan'uwansa ya ce haka.

Dubi lissafin da kyau. Fari marar tabo: an kira shi 34 cikin 100. Fari mai tabon kaso: 17. Baƙi marar tabo: 14. Baƙi mai tabo: 5.

Abu biyu ke nan. Tabo ya rage ma fari rabin sa'arsa, amma ya kwashe ma baƙi kusan kashi biyu cikin uku. Laifi iri ɗaya, hukunci daban. Sannan baƙin da bai taɓa laifi ba bai fi farin da ya fito kaso samun kira ba. Kwandon da anka sa shi ya zame masa tamkar ɗauri, alhali bai taɓa ganin alƙali ba.

Ka san irin wannan a gida. Ɗan wanda ake ganin girmansa ya makara zuwa aiki, a ce wata lalura ce ta tsare shi. Ɗan wanda anka raina ya makara, a ce ai dama halinsu ne. Makara ɗaya ce. Ido ne ya bambanta.

Inda binciken ya gaza

Kada mu haɗiye maganar masana ba tauna. Gwajin Asch da ɗalibai anka yi shi, bisa mutumin da babu shi. Wanda ya zauna da mutum wata guda ba kalma ɗaya ke juya shi ba. Gwajin takardu kuma kira kaɗai ya ƙirga, bai nuna wanda anka ɗauka daga ƙarshe ba. Sannan duk a manyan biranen Turawa anka yi su, inda ake neman aiki da takarda. A karkararmu galibi da baki ake nema, ta hannun wani wanda ya san wani. Don haka lissafinsu nasu ne, ba za mu ɗauko 34 da 5 mu ce haka yake a Tawa ko Tasawa ba. Abin da za mu ɗauka shi ne hanyar da zuciya ke bi ta karkace.

Akwai kuma wani darasi. A 2022 an buga wani babban gwaji, inda anka aika takardu wajen 83,000 zuwa manyan kamfanoni 108 na Amurka. An sake ganin bambanci tsakanin sunaye, amma ba ko'ina yake daidai ba. Kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ke da alhakin kusan rabin ɓarnar. Wasu kuwa kusan ba a ga bambanci wajensu ba. Ashe mu ma bai kamata mu zuba masu ɗaukar aiki duka kwando guda ba. Kuma tun da wasu sun iya yin adalci, abin ba gagara ya yi ba.

Wani zai ce, to a ɓoye suna mana, magana ta ƙare. Faransa ta gwada. A 2006 ta yi dokar da ta ce manyan ma'aikatu su riƙa duba takardu ba suna. Tsakanin 2009 da 2010 ofishin samar da aiki na gwamnati ya jarraba abin da kamfanonin da sunka yarda. Sakamakon ya ba mutane mamaki: ƴaƴan baƙi da ƴan unguwannin talakawa ba su ƙaru ba, sai ma raguwa. Masu binciken sun ce kamfanonin da sunka shiga gwajin dama masu sassauci ne. In sun ga suna da unguwa, sukan gane dalilin da ya sa mutum ya daɗe ba aiki, su yi masa uzuri. Da anka ɓoye sunan, sai giɓin kaɗai ya rage a gabansu. A 2015 an soke tilascin. Darasin shi ne: rufe ido ba ya maganin mugun awo. Sai an gyara tiyar kanta.

To, mu fa?

Muna da wasan taubasai, inda wannan ƙabila ke tsokanar waccan, wannan gari ke tsokanar wancan, a yi dariya a rabu lafiya. Abin alfahari ne, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Amma wasa wasa ne. Abin da ka faɗa ma taubashinka a kasuwa don a yi raha, kada ka shiga da shi zauren da ake zaɓen ma'aji. Can ba raha ake ba, abincin gidan wani ake yankewa.

Doka ma ta yi magana. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana mai ɗaukar ma'aikaci ya duba jinsi, ko shekaru, ko asali, ko launin fata, ko addini, ko naƙasa, ko cutar sida, ko ciwon amosanin jini, don ya ɗauki mutum ko ya ƙi shi. Sai dai doka ba ta shiga zuciya. Ba mai cewa na ƙi ka don kai ɗan wane ne. Cewa ake, fuskarsa ba ta kwanta mini ba.

Asarar kuma ba ta mai nema kaɗai ba ce. A ce cikin garinku akwai wata mace da ta fi kowa iya lissafi a ajin yaƙi da jahilci. An ƙi ba ta littafin banki don bazawara ce. An ba wani mai babbar riga da daɗin baki, wanda ba ya iya haɗa buhu 37 da 48. Ƙarshen shekara hatsi ya ɓace, ba wanda ya san inda ya shiga. Wa ya yi asara? Gari duka.

Inda karin maganar ke da gaskiya

Ba mu ce a rufe ido ga kowane aibi ba. Wanda anka kama da hannu cikin asusu ba a ba shi makullin asusu. Mashayi ba a ba shi tuƙin mota cike da mutane. A nan wake ɗaya ya ɓata gari da gaske.

Amma gari, in an niƙa shi, ba a iya tsince mugun waken. Mutum kuwa ba niƙaƙƙe ba ne. Kana iya ɗaukar halayensa ɗaya bayan ɗaya ka duba. Don haka, in ka ga aibi ko ka ji shi, yi ma kanka tambaya uku.

Ta farko: aibin nan ya shafi aikin? I'ina ba ta hana awo daidai. Gurguntaka ba ta hana riƙon littafi. Riga mai faci ba ta hana gyaran famfo.

Ta biyu: na gani ne, ko ji na yi? In ji na yi, daga bakin wa? Shi mai faɗin ya gani, ko shi ma ji ya yi? Ba ya da wani nasa da yake so a ɗauka?

Ta uku: laifinsa ne shi kansa, ko na danginsa, ko na garinsu? Kama da wane ba wane ba ne. Kuma in nasa ne, na bana ne ko na ƙuruciya?

Game da fuska kuwa, tana ba da labarin zuciya, amma na wannan sa'a kaɗai. Mutumin da ya kwana bisa hanya, bai karya ba, yana tsaye gaban wanda ke riƙe da abincinsa, fuskarsa tsoro da gajiya za ta nuna. Mayaudari kuma ya fi kowa iya murmushi. Fuska tana faɗin yadda mutum ya tashi yau. Ba ta faɗin yadda zai riƙe amana shekara guda.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Ga karin maganar da ta fi waɗancan biyu dacewa da wannan wuri. Masana ma sun komo gare ta. A 1998 wasu biyu, Schmidt da Hunter, sun tattara binciken shekaru 85 game da hanyoyin zaɓen ma'aikata. Sun ga gwada mutum da aikin kansa, da ganawar da anka tsara tambayoyinta tun da wuri, sun fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki.

Wannan ba ya bukatar kuɗi. In za ku zaɓi wani a ƙungiyarku, ku bi haka:

Kafin kowa ya shigo, ku zauna ku rubuta abu uku ko huɗu da aikin ke bukata. Yanzu kun iya rubutu, ku yi amfani da shi. Abin da anka rubuta tun da fari, daɗin baki ba ya goge shi.

Ku yi ma kowa tambayoyi iri ɗaya. Kada a yi ma wani hira, a yi ma wani tuhuma.

Ku ba kowa aikin ya taɓa. Mai son awo ya auna tiya 20 a gabanku. Mai son littafi ya rubuta shiga da fita na rana guda. Ɗan barema ya yi wuni guda a biya shi, a duba kuyyansa.

Ku zama uku ko fiye, maza da mata. Kowa ya rubuta ra'ayinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, don in babba ya riga magana, sauran bin sa za su yi.

In an kawo aibin mutum, a faɗa masa, a ji ta bakinsa.

Kai kuma mai nema, ga naka. Fara da abin da ka iya, tun da abin da ya riga shiga kunne ya fi zama. Kada ka ce ina yin kowane aiki. Ka ce na yi shekara kaza ina gini, ko na iya rubutu da lissafi. In kana da tabon da ka san za a ji, gara a ji shi daga bakinka, tare da abin da ka yi bayansa. Ka nemi wanda ya taɓa ganin aikinka ya yi maka shaida. Sannan ka roƙi abu guda: a gwada ni. In an ƙi ka duk da haka, kada ka ɗauka hukuncin nan shi ne ƙimarka. Ka ga lissafin Milwoki. Sau da yawa ba mutum ake ƙi ba, kwando ake ƙi.

Ku karanta wannan ga waɗanda ba su kai ga iya karatu ba tukuna. Ku tattauna shi a aji da dandali. Ku tambayi juna: a zaɓen da munka yi na ƙarshe a garinmu, aiki munka duba ko asali? Wa munka bari a baya, kuma don me? Ranar da za a sake zaɓe, ku zo da takarda da alƙalami da tiya.

Allah ya ba mu ikon yin awo da gaskiya.